Wasiƙa daga Agege: Saiwoyin Kalmomin Turanci

Agege, Legas.

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Amarya da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu nan sai godiya, illa damina da cunkoson hanyar Apapa da ka sani.

Saƙonka ya iso, kuma maganar ƙaninka ta tsaya mini a rai. Ka ce ya sayi ƙamus yana haddace kalma 20 kullum saboda jarrabawar JAMB, amma kafin Juma'a sun zube. Wallahi haka na yi shekarata ta farko a ofishin fiton kaya, har kaina ya riƙa ciwo. Don Allah ka ce masa ya dakata.

Ka tuna zauren Malam, lokacin da ya nuna mana cewa hukunci, hukuma, hakimi da hikima duk 'yan gida ɗaya ne a Larabci? Haka ilimi da malami da alama. Tun ranar, in muka haɗu da baƙuwar kalma, sai mu nemi danginta. To, Turanci ma yana da irin wannan gida, sai dai kakar waɗannan kalmomin Latin ce, harshen mutanen Rum na da. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, shi kuwa Faransanci daga Latin ya fito. Daga baya masana suka ƙara kwaso wasu kalmomin kai tsaye. Shi ya sa manyan kalmomin takardu, na shari'a da asibiti da banki, yawancinsu can suka samo asali.

Ni a bakin aiki idona ya buɗe. Kullum takardun hannuna import da export ne. Wani dattijo da muke aiki tare ya ce mini portare a Latin ɗauka ne. Im ciki, ex waje, trans ƙetarewa. Shi ke nan: shigo da kaya, fitar da kaya, transport kuwa ɗaukar kaya daga nan zuwa can. Porter ɗan dako ne, irin 'yan'uwanmu na kasuwar Mile 12. Deport ma, da ake yi wa wanda aka koro daga wata ƙasa, ɗauke shi aka yi. A zama ɗaya na samu abin da na yi wata ina fama da shi.

Daga nan abin ya zame mini jaraba. Ina cikin danfo daga Oshodi ina karanta allunan hanya ina fasa kalmomi kamar gyaɗa. Spect kallo ne: sufeton 'yan sanda, inspector, mai leƙa cikin abu, spectacles tabarau, respect kuwa waiwayowa ka sake duban mutum, kuma ina ganin babu fassarar girmamawa da ta fi wannan daɗi. Scrib rubutu ne, don haka prescription abin da likita ya rubuta tun kafin ka je kantin magani. Manus hannu ne, manuscript rubutun hannu, kamar littattafan ajamin kakanninmu. Cred yarda ce. Mai ba ka kaya credit ya yarda da kai ne, ba wani abu ba. Biza da bidiyo duka daga gani suke. Hatta sunan Legas, wato Lagos, Turawan Fotugal ne suka raɗa shi, ma'anarsa tafkuna, kuma asalinsa lacus na Latin, wanda ya haifi lagoon ɗin da gadar Third Mainland ta ratsa.

Amma ka ja masa kunne a wuri guda. Saiwa, wato tushen kalma irin su port da spect, jagora ce, tana iya ɓatar da wanda ya rufe ido. Gaɓar in ta farkon kalma wani lokaci ciki take nufi, wani lokaci korewa, kamar invisible, abin da ba a gani. Na taɓa tsayawa kusa da tankar mai na karanta inflammable, na ɗauka ba ya kama wuta ke nan, alhali gargaɗi ne cewa yana saurin kamawa. Tun ranar, in na yi hasashe sai na duba jimlar, sannan na tabbatar a ƙamus. Ƙamus ɗin nasa yana da amfani, bayan hasashe ne lokacinsa.

Ya samu ƙaramin littafi, kowane shafi saiwa ɗaya. Biyu a mako sun isa. Duk kalmar da ya tsinta a jarida ko tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ya kai ta gidansu, ya rubuta ma'anarta da Hausa, ya kuma sa ta a jimla tasa ta kansa. Ya fara da port, dict, wato faɗa, da duc, wato jagoranta, wadda ta ba mu kwandasta. Nawa littafin ya kusa cika; in direban da ke kawo shanu Abbatuwa ya tashi komawa, zan kwafe shi na ba shi ya kawo muku.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka rubuto mini yadda yaron ya ji da makon farko.

Wassalam,
Naka har kullum.