Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Ciwon Haukan Kare

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Bana ƙarfinmu ya fi tafiya wajen ganin samfurin ƙwaƙwalwar duk karen da ake zargin ya haukace ya isa ɗakin gwaji na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Kun san halin mutanenmu: kare na cizon yaro, sai a taru a kashe shi, a binne ko a jefa a kwata. Shi ke nan hujja ta tafi. Mun bi masu unguwanni da mafarauta muna roƙon a kira mu kafin a binne. Mun kuma horar da ma'aikatan karkara: safar hannu, mazubi mai murfi, ƙanƙara isasshiya, domin zafin rana kan ruɓar da samfuri tun a hanya.

Wasu sun tambaya, tunda karen ya mutu, me ya saura? Saura sanin asalin ƙwayar cutar. Idan aka karanta jerin halittarta, wato bayanan gadon da ke cikin ƙwayar, ana gane dangin da ta fito da hanyar da ta biyo. Yawancin wadda ke jikin karnukan Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru daga dangin da masana ke kira Afirka 2 take, kuma kamanninta a ƙasashen nan na nuna ba da ƙafar kare kaɗai take yawo ba, har a bayan mota, tare da fatake irin masu kai karnuka kasuwar Dawaki a Filato. Saboda haka rigakafin gari ɗaya bai wadatar ba in maƙwabta na zaune.

A taron bita mun tunatar da juna cewa cutar na da 'yan uwa a ƙasar nan: wadda aka gano jikin jemagu a Legas a 1956, da ta Mokola a Ibadan, jikin jaɓa, a 1968. Allurar da muke da ita ba ta ba da cikakkiyar kariya daga gare su.

Ranar 28 ga Satumba mun shiga makarantun firamare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ciwon haukan kare a duniya duk shekara, yara da yawa a cikinsu. Saƙonmu: a wanke cizo da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti.

Inda muka gaza shi ne rigakafin karnuka. Sai an yi wa kashi 70 cikin 100 kafin yaɗuwar ta katse, mu kuwa muna nesa, musamman saboda rashin wutar ajiye allura. Kwamiti zai gabatar da batun firji mai aiki da hasken rana a babban taro mai zuwa. Allah ya ba mu ikon halarta.

Sakataren Ƙungiya