Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Nawa Aka Biya Ni a Kan 'Yata

Assalamu alaikum, Malam.

Ranar Asabar a taron iyaye da malamai ka karɓi lasifika, ka kama sunana, ka ce in faɗa wa jama'a nawa Turawa suka biya ni na ba su 'yata budurwa ta yi wata goma a gidan da ba na Musulmi ba. Ka kuma rufe da cewa, "wa ya san da abin da ta dawo." Na yi shiru a wurin saboda yarinyar tana bakin taga tana jin ka, ni kuma raina ya ɓaci matuƙa. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a za ka sami amsa.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Ko kwabo ban karɓa ba. Shirin YES na musayar ɗaliban sakandare ne ya ɗauke ta, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba 2001, ana kiransa da sunan sanatoci biyu, Kennedy da Lugar. Gwamnatinsu ce ta biya kuɗin jirgi da sauran hidima. Na san gyaran sunansu suke nema a ƙasashen Musulmi, kuma da sanin haka na sa hannu. Mutanen gidan da suka riƙe ta su ma ba a biyansu, ƙa'idar bizar ta hana. Ana bincikar kowane baligi a gidan kafin a kai ɗalibi, akwai kuma jami'in da dole ya tuntuɓe shi duk wata. Batun muharrami kuwa, na kai shi ga malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa tun kafin a yi fasfo.

Jimlarka ta ƙarshe ce ta hana ni barci. Malam, kai ma uban 'ya'ya mata ne. Ka san abin da irin wannan kalma take yi wa 'yar shekara 17 a garin nan. Kafin magariba ta shiga kasuwa, ta shiga gidajen da wata rana za su aiko neman aurenta. Ba ka ga komai ba, ba wanda ya kawo maka labarin komai. Za ka ce ba ka fito fili ba, amma duk wanda ke zauren nan ya gane inda ka dosa. Kuma ba ni zan tuna maka aya ta 4 a Suratun Nur ba, mai maganar shaidu huɗu da bulala 80.

To ga abin da ta dawo da shi. Jihar Iowa aka kai ta, wadda ba jihar da ta kai ta noman masara da kiwon alade a duk Amurka. Da na ji haka hankalina ya tashi, ba zan ɓoye ba. Amma matar gidan, Kirista mai zuwa coci duk Lahadi, ta daina girka naman alade tun kafin yarinyar ta sauka. Da azumi ya kama, ita ke tashi cikin dare ta haɗa mata sahur, ta zauna kusa da ita har ta gama. Ranar sallah suka kai ta Cedar Rapids ta yi idi, suka nuna mata tsohon masallacin garin da aka gina tun 1934.

Ta sha wuya, wannan gaskiya ne. Sanyin Janairu ya sa ta kuka. Awa bakwai ne tsakaninmu a lokacin, sai ƙarfe goma na dare a nan take tashi daga makaranta, uwarta na zaune da waya a hannu tana jira. Yara sun dame ta da tambaya kan hijabinta, ta tsaya gaban aji ta yi musu bayani, ba ta cire shi ba ko na yini ɗaya. Da shi ta tafi, da shi ta dawo, yanzu ita ke koya wa ƙannenta da yaran maƙwabta karatu a tsakar gidanmu.

Shekara 31 na yi ina riƙe da alli a garin nan. Kai kanka ka zauna a ajina. Ka tambayi duk wanda ya san ni ko an taɓa jin na ci kuɗin wani, balle kuɗin 'yar cikina. Kuma tunda ka kai mu nan, sai in tuna maka cewa ɗanka ya zauna jarrabawar shiga shirin tare da ita, kuma a zaurena muka cike masa takardu, ni da kai. A ranar ban ji ka yi maganar gidan wanda ba Musulmi ba.

Da tsoron Allah a kan 'yan mata ne ya ɗaga ka, da ka fara da unguwarmu. Yara nawa 'yan shekara goma ake kwasowa daga ƙauye a kai su aikatau gidajen da iyayensu ba su ma san ƙofarsu ba? Nan ne ake biyan kuɗi na gaske, duk ƙarshen wata, kuma ba jami'in da ke leƙawa ya ga ko sun ci ko an doke su. Wasu suna kwana a kicin. Shekara da shekaru muna zama taron nan tare, ban taɓa ganin ka karɓi lasifika a kansu ba.

Abin da nake nema guda ne. A taro na gaba ka sake karɓar lasifikar nan ka janye kalmarka a gaban mutanen da suka ji ta. Ni ba na buƙatar ban haƙuri, ita za ka ba. Tun ranar Asabar ko islamiyya ba ta yarda ta je ba.

Wassalam,
Mahaifin yarinyar, tsohon malaminka.