Jif masu ƙaramin injin dizal da batir: A duba mai da hanya kafin a saya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin 'yan uwanmu masu sayen manyan motocin jif a Legas, musamman tokumbo daga Turai.

Kamfanoni sun rage girman injin dizal. A 2020 Range Rover ta ajiye injinta mai silinda takwas, lita 4.4, ta koma mai silinda shida, lita 3.0, haɗe da ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 48. BMW X5 ma ta haɗa injinta na dizal da irin wannan batir. Batirin yana tara wuta idan aka taka birki, ya taimaka wa injin wajen tashi. Mai yana raguwa, hayaƙi yana raguwa, ƙarfi kuma bai ragu ba. Ci gaba ne, muna maraba da shi.

Sai dai an ƙera su ne don dizal ɗin Turai, wanda farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Ma'aunin ECOWAS 50 ne, na 'yan bumburutu kuwa ba shi da ma'auni. Nozul ɗin waɗannan injuna yana fesa mai da matsin da ya kai 2,000 a ma'aunin matsi na bar, don haka ɗan ruwa ko datti ya isa ya cinye famfo da nozul gaba ɗaya.

Babbar matsalar tana cikin salansa. Akwai matatar da ake kira DPF mai kama baƙin hayaƙi, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 600 take ƙone abin da ta tara. Motar da kullum ke rarrafe a cunkoson Agege ko Apapa ba ta samun wannan zafin. Kwamfutar motar za ta riƙa ƙara fesa dizal don ta ɗaga zafi, direba ya kashe mota aikin bai ƙare ba, ragowar dizal ɗin ya gangara cikin baƙin mai. Sai ka ga baƙin mai ya ƙaru da kansa, ya tsinke kamar ruwa, yana warin dizal. Daga nan injin ke fara cin kansa. Maganin ba tsada: kowane mako a hau titin Legas zuwa Ibadan, a yi minti 20 zuwa 30 a gudun da ya haura kilomita 70, ba tsayawa. Baƙin mai kuma sai marar toka da yawa, irin wanda littafin motar ya faɗa, a canza shi kafin lokacin da aka rubuta.

Ruwan AdBlue, wanda motar ke fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, shi ma kada a zuba masa ruwan leda. Idan ya ƙare, motar ba za ta sake tashi ba. Masu fasa matatar DPF su toshe kwamfuta kuwa, hayaƙin nan huhun 'ya'yanmu yake shiga.

Da damina a guji kutsa ambaliyar Lekki, domin a motoci da yawa batirin yana ƙasan but ne ko ƙarƙashin kujera.

Muna roƙon hukumar NMDPRA, mai sa ido kan harkar sayar da mai a Najeriya, ta riƙa gwada dizal a gidajen mai, ta bayyana wa jama'a sakamakon.

Daga wasu makanikan injin dizal,
Agege, Legas