Godiya Ga Ofishin Jakadancin Najeriya Da Ke Landan Kan Komawar Baffana Gida

Zuwa ga Mai Girma Jakadan Najeriya a Birtaniya,
da ma'aikatan Sashen Shige da Fice,
Nigeria House, Landan.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda mu mazauna waje bakinmu ya saba da ƙorafi a kan ofisoshin gwamnati, ran da aka yi mana daidai kuma sai mu ja bakinmu mu yi shiru. Alhali yaba kyauta tukwici. Ma'aikatanka sun buɗe wa baffana hanyar komawa Zariya da fasfon da wa'adinsa ya ƙare tun da daɗewa. Ba mu san kowa a ofishin ba, ba mu je da katin wani babba ba, kuma ba wanda ya nemi na goro a hannunmu.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Ya bar gida a 1974, zamanin Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu, lokacin da ake kiran jiharmu Jihar Arewa ta Tsakiya. Ya zo Manchesta koyon aikin masaƙa, da niyyar ya koma Kakuri ya kama aiki, don a wancan lokaci masaƙun Kaduna su ne abin alfaharin Arewa. Karatu ya ja aiki, aiki ya ja aure, 'ya'ya suka zo. Kafin ya waiwaya masaƙun da zai koma dominsu sun fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ya samu izinin zama na dindindin, amma har ya tsufa bai yarda ya karɓi fasfon Birtaniya ba. In an yi masa maganar sai ya ce shi Bazazzage ne, aro ya zo yi. Fasfonsa na ƙarshe irin na da ne, na kafin a fito da mai ɗauke da bayanan yatsu a 2007. Bayan rasuwar matarsa, ga ciwon zuciya, ga ƙafa, sai ya kira mu ya ce ba ya son ya sake ganin wani hunturu a ƙasar nan. Komai nisan jifa, in ji shi, ƙasa zai faɗo.

A nan muka gane cewa 'yancin komawa gida daban, hanyar hawa jirgi daban. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba za a kori ɗan Najeriya daga ƙasarsa ba, ba kuma za a hana shi shiga ba. A watan Disamba na 2022 ma Hukumar Shige da Fice, a ƙarƙashin Isah Jere Idris, ta ba da umarnin a bar 'yan ƙasa masu fasfon da ya ƙare su hau jirgi su shigo gida. Umarni ne mai kyau, ya kuma share wa mutane da yawa hawaye. Sai dai a filin jirgi ba tsarin mulki ake buɗewa ba. Yarinyar da ke zaune a teburin awon kaya kwamfuta take dubawa, cikin rumbun ƙa'idojin tafiya da ake kira Timatic, kuma ta san in ta ɗauki fasinjan da aka ƙi karɓa a can, kamfaninta ne zai biya tara ya kuma dawo da shi. Wani kamfanin jirgi da na tuntuɓa, mai yada zango a wata ƙasa kafin ya sauka Kano, ya ce mini ƙiri-ƙiri ba zai ɗauki Baffa da wannan fasfo ba. Ban ga laifinsu sosai ba. Umarnin Abuja bai hau kan ƙasar da za a sauya jirgi a cikinta ba.

Sabunta fasfon kuwa doguwar hanya ce ga mutum irinsa. Yau ba a ba da fasfo sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, shi kuma bai taɓa yi ba. Sai a yi masa rajista, a jira lamba ta fito, a cike takardu ta intanet, a samu ranar ɗaukar hoto da yatsu, sannan a jira bugu. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga dattijon da likita ke cewa in za a yi tafiyar a yi ta tun yana da ƙarfi, jira ba namu ba ne.

Ma'aikaciyar ofishinku da ta amsa saƙona ita ta fara nuna mana mafita: takardar tafiyar gaggawa, wadda aka fi sani da ETC. Ta rubuto mini abin da za mu zo da shi dalla-dalla, da tsohon fasfon, da hotuna, da shaidar tikiti, da kuɗin da hukuma ta ƙayyade. Ta kuma ba da shawarar mu nemi jirgin da zai tashi daga Landan ya sauka Abuja kai tsaye, kada mu sa tsoho cikin rigimar yada zango. Abin da ta lissafa shi aka nema ranar da muka je, ba ƙari. Duk wanda ya taɓa yin tattaki daga arewacin Ingila zuwa Landan aka ce masa ya koma ya kawo wata takarda da ba a ambata ba, ya san darajar wannan.

Ranar da muka isa ofishinku da ke Northumberland Avenue, mai gadin ƙofa na ganin keken guragu ya buɗe mana hanya, masu jiran layi ma ba wanda ya yi gunaguni. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tantancewar. Ƙa'ida ce kafin a ba mutum wannan takarda a tabbatar ɗan Najeriya ne, ni kuwa tsorona ke nan, don Baffa in ya gaji Turanci na kufce masa, kuma mutum ne mai zuciya, ba ya son a yi masa tambayar rainin hankali. Jami'in da ke kan tebur ba Bahaushe ba ne. Da ya lura tsohon na fama, bai ɗaga murya ba, bai kuma juyo gare ni ya ce in amsa a madadinsa ba. Ya tashi ya kira wata abokiyar aikinsa mai jin Hausa. Ta zo ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, ina wuni? An zo lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki alhamdu lillahi, 'yata."

"Baba, a Zariya wace unguwa ce taku?"

Shi ke nan, ta tsokano shi. Ya ɗauko ta daga Ƙofar Doka, ya bi da ita Babban Dodo, ya faɗi wanda ke gadon sarauta lokacin da ya taso, ya ce labarin naɗin Shehu Idris a 1975 a wasiƙa ya same shi. Har ya shiga ba ta labarin malamansa na Kwalejin Barewa. Ta bar shi ya yi ta zuba, tana rubuta abin da take bukata, ba ta katse shi ba ko sau ɗaya, ga kuwa mutane a bayanmu. Da ya numfasa ta ce, "Baba, ai ko ni ban kai ka zama 'yar ƙasa ba." Rabon da in ga Baffa ya yi dariya irin ta ranar tun kafin rasuwar Gwaggo, matarsa.

Akwai wani abu kuma da ba dolensu ba ne, amma suka yi. Kafin a miƙa mana takardar, jami'in ya zaunar da ni ya yi mini bayani a fili cewa ta tafiya ɗaya ce, zuwa Najeriya kawai, kuma wa'adinta gajere ne, don haka kada mu ɗage tikiti. In Baffa zai dawo ganin likita ko ganin jikoki, sai ya yi NIN da sabon fasfo a gida. Ya kuma tuna mana cewa a dokar Birtaniya mai izinin zama na dindindin in ya haura shekara biyu a waje izinin ya faɗi, sannan yanzu shaidar izinin ta koma ta intanet, sai an haɗa ta da sabon fasfo. Ya ce mu tuntuɓi masanin dokar shige da fice kafin tashi, don wannan ɓangare ba hurumin ofishinsu ba ne. 'Ya'yan Baffa sun yi hakan. Da an miƙo mana takarda an ce Allah kiyaye hanya, da ba mu ce an yi mana laifi ba, amma da mun tafi da ido a rufe.

An biya kuɗi ta hanyar da hukuma ta tsara, an ba mu rasit. Na faɗi wannan ne musamman don masu yawo a zaurukan WhatsApp suna cewa sun san wani a ciki, a turo musu fam kaza su gaggauta aiki. Ba mu bi ta kansu ba, aikinmu kuma bai tsaya ba.

Sauran tafiyar ta zo da sauƙi. Da takardar gaggawa, da tsohon fasfo, da wasiƙar likita mai cewa zai iya hawa jirgi, ba wanda ya tsayar da mu a teburin awo. A filin jirgin Nnamdi Azikiwe jami'an shige da fice suka duba, suka ce masa sannu da zuwa. Muka kwana Abuja, washegari muka bi jirgin ƙasa zuwa Rigasa, inda motar gida ke jiranmu. Yanzu yana cikin birni a gidan da aka haife shi, ana kai shi asibitin Shika ganin likitan zuciya, har ya fara faɗa da jikokin yayansa kan sun ɓata Hausa.

Ina da roƙo guda, Ranka ya daɗe. Irin Baffa suna da yawa a Manchesta da Libaful da Bamingam, Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauransu, waɗanda suka zo a shekarun 1960 da 1970, takardunsu suka tsufa a cikin akwati. Yawancinsu ba su iya cike fom a waya ba, wasu kuma kunya ke hana su tambaya, suna tsammanin za a ci musu fuska a ce ina suka shiga duk shekarun nan. In da hali, a riƙa turo jami'ai waɗannan garuruwa lokaci zuwa lokaci domin tsofaffi da marasa lafiya, a kuma rubuta bayanin takardar gaggawa cikin harsunan gida a raba wa masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan ƙasa. Mu a Manchesta a shirye muke mu samar da ɗaki da masu fassara.

Ban ambaci sunayen ma'aikatan nan ba don ban nemi izininsu ba, amma kwanan watan da lambar takardar suna cikin kundinku, ina roƙon a nemo su a isar musu da godiyar zuri'armu baki ɗaya. Baffa ya ce in gaya wa 'yarsa mai Hausa cewa yana sa ta a addu'a. Allah ya saka musu da alheri, ya ja zamanin Jakada.

Wassalam.

Taku,
'Yar Zariya mai aikin jinya a Manchesta