Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Jami'ar André Salifou ta Zinder: a ceto jaridun Maman Abou

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, mu tsofaffin ƴan jarida da ma'aikatan ajiyar takardu ne na Damagaram. Roƙonmu jami'a ta ware ɗaki guda domin jaridar Le Républicain da sauran jaridu masu zaman kansu na shekarun 1990.

Maman Abou ɗan wannan jiha ne, mutumin Belbeji. Ya kafa Le Républicain a 1991, shekarar babban taron ƙasa na Nijar kan komawa dimokuraɗiyya. Da Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da gwamnati ranar 27 ga Janairu 1996, ya kuma rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u a watan Yuli, jaridar ba ta yi shiru ba. A Afrilun 1998 wasu ɗauke da bindigogi suka cinna wa maɗaba'ar Maman Abou ta Yamai wuta, ya gyara ya ci gaba da bugawa. Ko a mulkin farar hula sai da ya shiga kurkuku a 2003 saboda takardun kuɗin gwamnati da ya wallafa. Ya rasu a Yulin 2020, Allah ya jiƙansa. Ɗalibinku mai son rubuta tarihin wancan zamani, yau ina zai sami shafin farko na jaridar?

Takardar jarida ita ce mafi rauni. Tsamin da ke jikinta yana sa ta yi rawaya, ta karye daidai inda aka ninka ta, zafin bazara kuma yana gaggauta hakan. Sai a buɗe kowace fitowa a kwantar da ita a miƙe, a cire ƙarfen da ya haɗa shafuka don tsatsarsa tana cin takarda. Kada a liƙa salatif a wurin da ya yage, kada kuma a rufe ta da leda mai zafi: gam ɗin yana shiga cikin tawada, ba a iya raba su daga baya. Kantocin su zama na ƙarfe, santimita 15 sama da ƙasa, nesa da bango, domin ta nan gara da danshin damina suke hawowa.

Ɗaukar hoto a kwamfuta kada ya gaza dpi 300 (ma'aunin kaifin hoto, wato ɗigo 300 a kowane inci), in ba haka ba ƙananan rubutu ba sa karantuwa. Sunan kowane fayil ya ɗauki kwanan wata da lambar fitowa. Nan ne aiki ya fi lalacewa, a tara hotuna dubbai ba wanda ya san na wace rana ne. A yi kwafi uku, ɗaya a wajen Zinder.

Jaridun suna nan warwatse cikin akwatunan tsofaffin malamai da ƴan ƙungiyar ƙwadago, magada kuma kan sayar da su ga masu tsire da ƙosai. A yi sanarwa a gidajen rediyo cewa duk wanda ya kawo aro za a ba shi takardar shaida, a maido masa da kayansa cikin wata guda. Mun shirya horar da ɗaliban da za ku zaɓa kyauta, muna fatan a fara kafin ruwa ya sauka.

Wassalam.