Kafin a sa maka ƙarfe a kwatangwalo, gaya wa likita yadda kake zama

Edita, assalamu alaikum. Ka taimaka mini da ɗan fili in yi magana da iyayen masu sikila da dattawan da ke jiran aikin canjin kwatangwalo.

Ɗana na biyu mai sikila ne. Jini ya daina isa kan ƙashin cinyarsa ta hagu, kan ya mutu ya lotse, har ta kai ko takalmi sai an sa masa. Bara aka yi masa aiki yana da shekara 26, kuma alhamdu lillahi ciwon ya tafi. Sati biyar da aikin, ya zauna a 'yar kujerar tsakar gida zai yi alwala, ya sunkuya wankin ƙafa, gwiwa ta karkato ciki, sai ihu muka ji. Ƙarfen ya goce. Sai da aka sa shi barci aka mayar.

A wannan kwanciyar ce likita ya ɗaga hoton ƙashin ya yi mini bayanin da na so a ce tun farko na ji. Abu biyu ake sawa: ƙoƙo da ake kafawa a kwatangwalo, da kuma sanda wadda ake cusawa cikin ƙashin cinya, tana da wuya da ƙwallo a kanta. Ni da na tsufa ina koyar da kafinta, nan take na gane. Sa ludayi a ƙoƙo ka yi ta kwantar da shi. Da mariƙin ya daki baki, kan zai ɗago. Haka wuyan ƙarfen yake. Idan bakin ƙoƙon bai kalli gaba yadda ya kamata ba, mutum na sunkuyawa wuyan zai daki gefe, ƙwallon ya fice ta baya. Idan kallon gaban ya yi yawa, ta gaba zai fita, lokacin da aka miƙe ƙafa baya aka juya ta waje. In kuwa ƙoƙon ya miƙe tsaye sosai, nauyi ya taru a baki ɗaya, ya cinye da wuri.

Akwai ma'aunin kafa ƙoƙon da aka wallafa a Amurka tun 1978: karkata digiri 40, kallon gaba digiri 15, kowanne da rangwamen 10 sama ko ƙasa. Na yarona yana ciki daram, ga shi kuma ya goce. Likitan bai yi mini rufa-rufa ba. Ya ce kwatangwalo ba a kafe yake kamar dogarin ƙofa ba. In ka zauna yakan kwanta baya, ƙoƙon ya ƙara buɗewa, wanda bayansa ya sandare kuwa ba ya samun wannan sauƙin. Girman ƙwallon ma da magana. Na John Charnley, likitan Ingila da ya gyara hanyar wannan aiki wajen 1962, milimita 22 ne. Yau an fi sa 32 ko 36, don babba ya fi wuyar fita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba a tambaye mu yadda muke zama ba, mu ma kunya da murnar samun gado suka hana mu faɗa. A gidana kan tabarma ake cin tuwo, masai na tsuguno ne, kuma farillai kaɗai sujada 34 ce a yini, ban da zaman tahiya. Ƙoƙon nan sau ɗaya ake kafa shi, ba a dawo a ɗan murɗa. Saboda haka a faɗa wa likita duk wannan kafin a shiga ɗakin tiyata, a tambaye shi ta gaba zai yanka ya shiga ko ta baya, wane motsi aka hana, har zuwa yaushe.

Yaron yanzu a kujera yake salla, malaminmu ya tabbatar masa ta yi. Kujerar ni na haɗa ta da katako, na ɗaga ta yadda gwiwarsa ba za ta wuce kwatangwalo ba.

Naka,
Tsohon malamin kafinta, daga Gusau