Kundayen Gidan Wayar Birtaniya Sun Cancanci Wannan Karramawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan taskar takardun gidan wayar Birtaniya, wato Royal Mail, wadda hukuma a Ingila ta sa cikin jerin taskokin da ke da muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya, UNESCO ma, wato hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shigar da ita rajistarta ta tarihi ta Birtaniya a 2014. Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shi ya sa abin ya taɓa min zuciya.

Wani zai ce me ke cikin tarkacen gidan waya in ba tsoffin rasidai ba? To, takardun nan sun faro tun 1636, shekara guda bayan Sarki Charles na Ɗaya ya bai wa talakawa damar aika wasiƙa ta hannun 'yan aiken fada. A cikinsu za a ga yadda aka kai ga kan sarki na farko a duniya, Penny Black, a watan Mayun 1840. Kafin nan galibi wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biya, kuɗin kuma ya danganta da nisan tafiya da yawan falle, har talaka kan ƙi karɓar wasiƙar ɗansa don ba shi da abin biya. Sai Rowland Hill, mai fafutukar gyaran tsarin gidan waya, ya dage mai aikawa ya biya kwabo ɗaya tun farko, ko'ina wasiƙar za ta a cikin ƙasar.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kundayen ma'aikata. Akwai littattafan ɗaukar aiki tun daga 1737, ga kuma takardun fansho, inda ake rubuta sunan mutum, aikinsa, albashinsa, shekarun da ya yi, da kwanakin da ciwo ya hana shi fitowa. A 1914 gidan wayar Birtaniya na da ma'aikata sama da 250,000, dubbai daga cikinsu suka tafi yaƙin duniya na farko, da yawa ba su dawo ba. Mai raba wasiƙu da ya ƙare ƙuruciyarsa da jaka a kafaɗa, cikin ruwa da sanyi, ba wanda zai gina masa gunki a dandali. Layi ɗaya ne nasa a wannan kundi, kuma ta nan jikokinsa ke gano shi yau.

Na san darajar irin wannan layi domin hannuna ya rubuta shi. Kullum da safe sai ka juya lambobin hatimi ka saita kwanan wata, ka gwada a kan farar takarda, sannan ka buɗe littafin rajista ka shigar da kowace wasiƙa, wa ya aiko, wa ya sa hannu ya karɓa. A wani ofishi da na taɓa aiki, irin waɗannan littattafai aka jibge a ɗakin ajiya mai yoyo, ranar da aka buɗe gara ta gama da su, kana ɗaga bango sai gari ya zubo. Har yau abin na ci min rai.

Saboda haka karramawar nan nauyi ce aka ɗora wa masu riƙon taskar. Takarda na son ɗaki marar laima, da masu gyaran wadda ta yage, da kuma buɗe ƙofa ga mai bincike. Taskar tana hannun gidan tarihin The Postal Museum da aka buɗe a Landan a 2017, kuma mutum na iya zuwa ya nemi kundi ya duba. Malam Edita, don Allah wakilinku ya leƙa can ya kawo mana rahoton yadda suke adana su.

Naku,
Tsohon ma'aikacin gidan waya